Rangwamen Harajin Babanku

Rabi, Mumuni, Ayisha, wannan ne babin da na yi ta ɗagawa. Na rubuta na ƙuruciyata, na rubuta na aikin koyarwa, duk suka tafi sumul, amma da na iso shekarar da babanku ya bar unguwarmu Moshi Zango a Kumasi ya tafi gonar koko sai biro ya yi mini nauyi. Na san abin da kuka taso kuna ji. An ce Ticha Memuna ta ga albashi ya zauna mata, ta kai sunan mijinta ofishin haraji, ta sa aka rubuta shi cikin waɗanda take ciyarwa, baƙin ciki ya kore shi daga gari. Kai Mumuni ka taɓa faɗa mini haka ido da ido, ban ce maka uffan ba. Ba rashin amsa ba ne, gajiya ce. Yanzu ma a gajiye nake, gwiwoyin nan ko masallacin Juma'a ba sa kai ni, amma gara in faɗa da bakina kafin wasu su ƙarasa muku labarin a wurin zaman makokina.

Babanku, Malam Isaka, ya yi shekara da shekaru yana awon katako a wani kamfani can bayan Kwadaso. Shi ne mai tef da alli, duk gungumen da bai auna ba ba ya shiga inji. Albashinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, ni a lokacin malamar aji uku ce kawai a makarantar Islamiyyar da gwamnati ke biyan malamanta. Kun tuna gidan hayar da muka zauna, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya, kowa na ganin tukunyar kowa. A gidan nan akwai wata al'ada da babu wanda ya kafa ta amma babu mai ƙetare ta. Da safe maigida zai fito da shirin aiki, ya tsaya a baranda, ya miƙa wa matarsa kuɗin cefane a gaban masu wanke-wanke da masu layin famfo. Duk wadda aka kwana uku ba a ga an miƙa mata ba, kafin azahar labarinta ya kai har unguwar Krofrom. Babanku bai taɓa fashi ba. Har wani ɗan tari yake yi kafin ya sa hannu a aljihu, ni kuma in goge hannuna a zani in karɓa da hannu biyu.

Sai katako ya yi ƙaranci, kamfanin ya shiga sallamar mutane. Ranar da abin ya zo kansa ya dawo tun rana na tsaka, ya tura ƙofa, ya zauna bakin gado ko takalmi bai cire ba.

"Maman Rabi, aikin ya ƙare. Kada kowa ya ji tukuna. Ki ba ni wata ɗaya in samu wani."

Wata ɗayan nan ya zama shekara da 'yan watanni. Ɗan abin da aka ba shi na sallama ya tafi a kuɗin haya, kun dai san masu gida a Kumasi ba sa sauraron kowa sai an biya su na gaba. Dabarar da muka rayu da ita ni na kawo ta, kada wani ya ɗora masa. Bayan sallar asuba sai in ƙirga kuɗin cefane daga albashina in sa masa a aljihun riga, in ƙara da na mota. Shi kuma ya yi wanka, ya rataya jakarsa, ya fito baranda, ya yi ɗan tarinsa, ya miƙo mini kuɗina in karɓa da hannu biyu in ce Allah ya ƙara buɗi. Daga nan ya shiga tirotiro, motar haya, ya bi kamfanoni yana tambaya, in ya gaji ya je Krofrom ya zauna wurin wani abokinsa mai sayar da tayoyi. Da la'asar ya dawo ya zauna a bencin ƙofar masallaci cikin 'yan'uwansa maza kamar wanda ya taso daga aiki. Da farko har dariya abin yake ba mu. Daga baya dariyar ta ƙare, ni dai ina tashi in koyar da yara hamsin, in dawo in dafa, in wanke, da safe kuma in yi godiya a kan kuɗina.

Ana cikin haka na je ofishinmu kan wani kuskure a takardar albashina. Akwai wata akanta, Anti Akosua, mace mai fara'a, ba ta da mugun nufi ko kaɗan, Allah ya sani. Ta duba takardar ta ɗago kai ta yi mini magana da yaren Twi.

"Ei, Madam! 'Ya'ya uku a makaranta, kuma ana yankar miki haraji cif haka? Ina rangwamenki?"

Na ce wane rangwame. Ta yi mini bayani cewa gwamnati na sassauta wa mai iyali haraji, akwai na ɗaukar nauyin miji ko mata, akwai na karatun yara, amma na yaran mutum ɗaya ne cikin iyaye ke karɓa. Na ce ai kuwa na tuna, maigidana ne ya cika wannan a wurin aikinsa. Ta ce to shi ke nan yana wurinsa. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce ai ya fi shekara ba ya aiki. Ita ce mutum ta farko da na faɗa wa, kuma na faɗa ne don ba 'yar Zango ba ce.

"To ai rangwamen yana kwance a banza ke nan. Wanda ba shi da albashi me za a sassauta masa? A mayar da shi kanki, har da na miji, tunda ke ce ke riƙe da shi. Haƙƙinki ne, Madam."

Haƙƙinki ne. Da wannan kalmar na dawo gida tana yi mini yawo a ka. Zan iya ce muku don kuɗin jarrabawar Rabi na yi, kuma ba ƙarya ba ne, lokacin ya matso. Amma tunda na ɗauki biro don in faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka. Na gaji da zama wadda ake miƙa wa. Raina yana so a ce ko a takarda ɗaya ce a duniyar nan, ko a cikin durowar wani ofis da babu mai buɗewa, an rubuta cewa Memuna ce ke ɗauke da gidan nan. Ban so kowa a Zango ya gani ba, wallahi ban so ba. So nake kawai ya zama a rubuce.

Anti Akosua ta cika mini fom, ta haɗa da wata gajeriyar takarda da Turanci wadda babanku zai sa wa hannu, cewa ba shi da aiki, ba ya karɓar rangwamen, kuma yana ƙarƙashin kulawar matarsa. Na san ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai sa hannu a kan wannan ba. Babanku ya yi karatun allo mai zurfi, lissafi kuma ba a kama shi, amma Turancinsa na lambobi ne da sunayen katako. Na kawo masa yana shan koko na ce takardar karatun yara ce, ana son hannun uba. Ko kallon ta bai yi ba, ya goge yatsunsa ya sa hannu ya ce Allah ya yi musu albarka. Wannan ita ce ƙaryar da na yi masa, ita kaɗai ce a duk zamanmu, kuma ba na neman kowa ya wanke ni daga ita.

Da na mayar, sai aka ce ina shaidar aure. Na yi dariya. Wace shaida? Mu da aka ɗaura wa aure a masallaci, aka raba goro, aka shafa fatiha, duk Zango ta ci shinkafa, wa ya taɓa tunanin zuwa wani ofis a yi rajista? Ni kaina da nake malamar makaranta ban yi ba, ballantana uwata. Anti Akosua ta ce ba komai, in kai wa limamin da ya ɗaura ya shaida cewa ya san auren, ya sa hannu da hatimi, za ta haɗa ta gwada. Ta rubuta wadda Liman zai sa wa hannu ta ɗora a sama, ta maƙale takardun duka wuri ɗaya ta ba ni. A nan ne wautata ta cika. Da na cire ta babanku na ajiye a jaka, da yau ba wannan babin nake rubutawa ba. Amma na taso makaranta a gajiye, kaina na sarawa, ga tuwo bai hau wuta ba. Mace kuwa ba ta zuwa ta tsaya a kan maza a ƙofar masallaci ba tare da an kira ta ba, sai na bi ta cikin gida na ba matar Liman, na ce Liman ya sa mini hannu a ta sama, zan aiko a karɓa.

Na manta halin Liman, Allah ya jiƙansa. Mutum ne da ba ya shaidar abin da bai ji da kunnensa ba, shi kuma ba ya karanta boko. Bayan la'asar ya fito da takardun ƙofar masallaci ya miƙa wa Alhaji Salifu, wanda ya yi aikin akawu har ya yi ritaya, shi ne mai karanta wa unguwa wasiƙu. Kun san Alhaji Salifu, in ya samu Turanci ba ya barin ko waƙafi. Ya sa tabarau, ya gyara murya, ya karanta ta sama ya fassara, ya buɗa ta biyu, ya buɗa ta uku. Matar Liman ce ta ba ni labarin daga baya tana kuka, ta ce tana jin su ta taga. Ya karanta da Turanci, sannan ya juya da Hausa a tsanake: ni Isaka, ba ni da aiki, ba ni da wata hanyar samu, matata Memuna ce ke ɗauke da nauyina. Sai da ya kai ƙarshe ya gane abin da ya karanta. Babanku kuwa yana zaune a bencin, jakar aikinsa a kan cinya, mutum na uku daga Liman. Ta ce babu wanda ya yi dariya, kowa ya sunkuyar da kai. Liman ne ya yi ƙarfin hali.

"Malam Isaka, hannunka ne wannan?"

"Hannuna ne, Malam. Abin da aka karanta gaskiya ne. Ka sa mata hannu."

Ya zauna har aka yi magariba da shi, sannan ya shigo gida. Ina tuƙa tuwo ya wuce ni ya shiga ɗaki, na bi shi ban san komai ba. Ya ajiye takardun a kan gado, ga hatimin Liman a jiki. Na so ya yi faɗa, na so ya ɗaga murya ko ya ce in tafi gidanmu, da na san yadda zan yi da wannan. Bai yi ba.

"Maman Rabi, da kin faɗa mini abin da ke ciki, kina ganin zan sa hannu?"

Na ce a'a.

"To, shi ya sa ba ki faɗa ba. Ki je tuwonki zai ƙone."

Washegari na sa masa kuɗi a aljihu kamar kullum, ya ciro ya ajiye a kan akwati. Bai fito baranda ba. Ina bakin famfo Mma Azara, wata dattijuwa Bamoshiya da ke ɗakin ƙarshe, ta matso da bokitinta, da irin Hausarta ta ce, "Ticha, kai ya yi ƙoƙari, mu ba mu sani ba koraa." Wato ba su sani ba ko kaɗan. Yabo ne take yi, amma ji na yi kamar ta watsa mini ruwan zafi. Abin da na yi marmarin a rubuta ke nan, ga shi an sani, kuma ba shi da daɗi ko kaɗan. Mutanen Zango ba su wulaƙanta babanku ba, in gaya muku. Tausayinsu ne ya fi ƙarfinsa. Mai koko ta ƙi karɓar kuɗinsa. Aka daina miƙo masa kwanon taimako in ana haɗa gudummawar biki ko rasuwa, a tsallake shi a hankali a ba na kusa da shi. Mutumin da a da shi ake fara tambaya. Sati uku ya iya jurewa.

Abokinsa mai tayoyi ya san wata tsohuwa da ke da gonar koko can ƙasar Sefwi tana neman mai kula. Ka yi noma, ka yi feshi, ka tsinka, ka shanya, in an sayar kashi ɗaya cikin uku naka ne. Aikin samari ne majiya ƙarfi, shi kuwa ya haura hamsin, rabonsa da adda tun yana yaro. Na roƙe shi, na durƙusa har ƙasa, na ce zan je in janye takardar. Ya ce a janye ta daga ina, daga kunnen mutane? Ya tara ku ya ce ya samu aiki a nesa, ku yi wa mamanku biyayya. Ya tafi da jaka ɗaya. Ku kuma kuka ji sauran a bakin famfo da hanyar makaranta, kowa da irin gishirin da ya ƙara.

Rangwamen ya fito bayan wata huɗu. Na duba takardar albashi sau biyu don na ɗauka ban gani daidai ba. Abin da ya ƙaru bai wuce ya sayi galan ɗin manja da sabulun wanki ba. Na zauna a bencin ofis na yi dariya har hawaye, Anti Akosua ta zaci murna nake yi. Na kuwa ce mata ta cire na miji, tunda yanzu yana aiki, ba ya ƙarƙashin kowa.

Tun a ƙarshen watan farko da tafiyarsa aka aiko wai Liman na kira na, kuma a ƙofar masallaci, ba cikin gida ba. Na yafa mayafi na je na rusuna gefe, maza cike da benci. Liman ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Saƙon Malam Isaka ne ga iyalinsa. Ya turo ta wayata, ya ce in damƙa miki a nan."

Ina da waya, ya san lambata, muna gaisawa kowace Juma'a. Amma haka ya zaɓa, kuma haka aka yi kowane wata har shekara uku, bai taɓa fashi ba. Ruwa ko rana sai na je na karɓa a gaban mutanen nan na yi godiya. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, wani lokaci har in dawo in kasa cin abinci. Amma ban taɓa ƙin zuwa ba, na san abin da yake saya da kuɗin. Abin da ban tambayi kaina ba, kuma ya kamata in tambaya, shi ne koko ai sau ɗaya ko biyu ake sayarwa a shekara, to ina yake samun na kowane wata? In na ce zan zo in gan shi sai ya ce hanya ba kyau. In sallah ta zo shi yake zuwa, kwana biyu, cikin babbar riga, ya raba muku goron sallah ya koma. Na ga ramar, ya ce aikin gona ne ke tsane mutum, ni kuma na yarda don yarda ta fi sauƙi.

Tsohuwar mai gonar ce ta kira ni, ta ce mijinki kwana biyar bai fito ba, ki zo. Na shiga mota tun safe, na sauka na hau wata, na ƙarasa a bayan babur. Bukka ce ta laka a tsakiyar gona, rufin kwano duk ya huje. Tabarma ɗaya, buta, tukunya ɗaya da ragowar gwaza dafaffe ko manja babu. Babbar rigar sallar tana rataye cikin leda don kada ta yi datti. Tsohuwar ta ce in ya gama aikin gonarta sai ya bi gonakin maƙwabta yana yi musu sara a biya shi na yini, sau ɗaya yake cin abinci, duk abin da ya samu sai ya tara ya tura Kumasi. Ta ce ta sha yi masa faɗa. Yana kwance yana tari, na gaske wannan karon, ƙafafunsa sun kumbura, tafin hannunsa duk ya tsage. Na ɗora masa ruwa na yi masa wanka kamar jariri, bai hana ni ba. Na sa masa babbar rigar, don ya ce da ita zai shiga Zango, kuma a sauke shi a ƙofar masallaci ya gaisa da mutane da ƙafarsa kafin a wuce da shi asibiti. Haka aka yi. Abin da kuka gani ke nan, babanku ya dawo daga aiki da ɗan zazzaɓi. Wata biyu bayan nan kuka raka shi makwancinsa.

Kafin mu bar bukkar, ina ɗaure masa jaka, ya kama bakin zanina.

"Maman Rabi, kada yara su san yadda kika same ni. Ki bar su da abin da suka sani."

"Malam, abin da suka sani shi ne ni na kore ka."

Ya amsa yana kallon rufin kwanon nan.

"Na sani. Ki yi haƙuri ki ɗauka. Kin fi ni iya ɗauka."

Na ɗauka, Allah ne shaidata, har kuka yi aure kuka haifa, ban buɗa baki ba ko da kuna juya mini baya. Yanzu ƙarfina ya ƙare, na sauke. Ku yi masa addu'a, ni ma ku yi mini in kun ga dama. In na same shi a can, ni na san yadda zan yi masa bayani.